Baƙon Hanjin Kifi da Ya Ƙi Zaman Kwalba

A farkon shekarun 1920 akwai wata asara da ta zame wa gidajen ƙyanƙyasar kifi na jihar Niyok, a Amurka, ƙarfen ƙafa. A waɗannan gidaje ne hukuma ke ƙyanƙyashe ƙwan turawut, wani kifin ruwan sanyi ɗan uwan salmon, ta reni 'ya'yan har su yi ƙwari, sannan a kwashe su a zuba a rafuka da tafkuna saboda masu kamun ƙugiya. 'Ya'yan sukan fara cin abinci lafiya lau. Can sai a ga wasu sun ware gefe, sun daina ci, jiki ya tsotse, ba abin da ya rage da girmansa sai kai. Da safe ma'aikaci ya zo da 'yar koma ya tsame matattu, gobe ma haka.

Cikin waɗanda suka duƙufa neman dalili akwai Emmeline Moore, masaniyar halittun ruwa da ta yi digirin digirgir a Jami'ar Cornell, tana aiki da hukumar kare gandun daji da ruwaye ta jihar. Ta riƙa tsaga cikin 'ya'yan kifin, ta ɗebo ɗigon ruwan hanji ta sa a gilashi, ta leƙa ta madubin ƙara girma. Abin da ta gani shi ne ruwan yana tafasa da wasu 'yan ƙwari masu ƙwayar halitta ɗaya tak. Tsawon kowanne bai fi kashi 1 cikin 100 na milimita da yawa ba. Yana da cibiya biyu a gaba, da gashin iyo takwas, shida a goshi biyu a baya, yana wulwulawa ba hutu. A 1922 ta buga bayaninsa, ta raɗa masa suna Octomitus salmonis. Ita ce kuma a 1927 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana kifi ta Amurka. Daga baya masana suka mayar da ƙwaron nata ƙarƙashin wani tsohon gida, Hexamita, wanda Bafaranshe Félix Dujardin ya kafa tun 1838, sunan Hexamita salmonis kuwa ya bi shi shekaru da dama.

Samun ƙwaro a cikin kifi mai ciwo bai tabbatar da cewa shi ne ya kawo ciwon ba. Ana samunsa ma a hanjin kifin da ke iyo garau. Mai yiwuwa shi ne makashin. Mai yiwuwa kuma cima-zaune ne kawai, wanda ke samun sarari ya yaɗu idan yunwa ko cunkoso ko gurɓataccen ruwa sun riga sun karya kifin. Tun shekarun 1880 Bajamushe Robert Koch ya shimfiɗa hanyar raba irin wannan gardama: a ware ƙwayar da ake zargi, a rene ta ita kaɗai a wajen jiki, a sa wa mai lafiya, a ga ko ciwon zai bayyana. Da bakteriya abin ya yi sauƙi, don da yawa daga cikin masu sa cuta suna tsirowa a faranti cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙwaron Moore kuwa da an fitar da shi daga hanji, kafin wani lokaci ya daina motsi, ya kumbura, ya mutu.

Saboda haka aka shafe kusan shekara 40 ana magani bisa zato. H. S. Davis na hukumar kifi ta tarayyar Amurka ya yi nazarin ƙwaron a shekarun 1920, littattafan kiwon kifi na wancan zamani kuma suka riƙa ba da shawarar a cuɗa kalomel a abincin 'ya'yan kifi. Kalomel gishirin zaiba ne. Wani maganin da aka yi yayi, kabason, shi kuma da asenik aka haɗa shi. Dafi biyu ke nan ana ɗura wa jariran kifi domin kashe abin da ba a ma tabbatar da laifinsa ba. Ba sakaci ba ne ya sa haka. Ba su da ƙwaron a hannu, balle su tambaye shi.

Me ya sa zaman kwalba ke gagarar mazaunin hanji? Da farko, hanji cike yake da bakteriya. Duk ɗigon da ka ɗebo, ka ɗebo miliyoyinsu tare, kuma romon da ka tanadar wa baƙonka su ma abincinsu ne. Kafin shi ya rabu biyu sau ɗaya, su sun cika kwalbar, sun tsamar da ruwan, sun kashe shi. Sannan iskar oksijin, wadda mu ba ma rayuwa sai da ita, a wurinsa guba ce idan ta yi yawa, domin a cikin hanji kaɗan ce ƙwarai. Bayan wannan, dogon zama a jikin wani ya sa ya daina ƙera abubuwa da yawa da jikinsa ke bukata, kamar wasu nau'o'in kitse da tubalan sinadarin gado. A shirye yake tsintarsu a hanjin mai masaukinsa. Wanda zai rene shi dole ya gano waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wanda zai faɗa masa ba.

Masana kifi ba su ne suka fasa wannan ƙofa ba. Likitocin mutane ne, kuma ciwon atuni ne ya tura su. A 1925 William Boeck da Jaroslav Drbohlav suka yi nasarar renon amiba, ƙwaron da ke sa atuni mai jini da majina, a kan dafaffen ƙwai da aka daskarar a karkace cikin kwalba, aka rufe shi da ruwan gishiri da ruwan jini. Sai dai amibar tana zaune ne tare da bakteriya, su take ci. An jira har 1961 kafin Louis Diamond, a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka da ke Bethesda, ya raba ta da su, ya rene ta tsurarta. Giardia kuwa, wadda ita ce 'yar uwar ƙwaron Moore ta kusa, mai sa zawo da kumburin ciki, tun 1681 Antonie van Leeuwenhoek ya gan ta a bayan gidansa da madubin da ya wasa da hannunsa, amma sai a shekarun 1970 Ernest Meyer ya samu ta zauna a kwalba ba tare da wata halitta ba. Kusan shekara 300 ke nan tsakanin gani da mallaka.

A nan ya kamata a ratse a ba da labarin wani mutumin Dublin, J. D. Smyth, ko da yake shi tsutsa ya rena, domin darasin da ya bari ya shafi duk mai wannan sana'a. Akwai tsutsa mai faɗi, Schistocephalus solidus, wadda ƙuruciyarta ke cikin wani ɗan kifi mai ƙaya uku a baya, girmanta kuma a hanjin tsuntsun da ya haɗiye kifin. Smyth ya lura cewa a jikin kifin ba a hanji take ba, a kogon ciki take, inda babu bakteriya ko ɗaya. Sai ya shafe fatar kifin da aidin, ya tsaga da tsabtatattun kayan aiki, ya zaro tsutsar fes ya jefa a romon nama. A rahotonsa na 1946 ya nuna cewa a zafin ɗaki tsutsar takan rayu har kwana 300 ba ta balaga ba. Da ya ɗaga zafin zuwa digiri 40, wato zafin cikin tsuntsu, cikin 'yan kwanaki ta balaga ta fara zubar da ƙwai.

Sai dai ƙwan holoƙo ne, ba ya ƙyanƙyashewa. Abinci ya wadata, zafi ya yi daidai, amma barbara ba ta auku ba. Shekaru ya yi yana juya abin kafin ya gane cewa a hanjin tsuntsu tsutsar a matse take, bango na dannanta, kuma wannan matsi ne ke haɗa gaɓoɓin haihuwarta. A 1954 ya cusa tsutsotsin cikin siririyar jaka mai barin ruwa ya ratsa, ya rataya ta cikin romon, ana girgizawa a hankali. Ƙwai ya fito mai rai. Daga baya masu bincike a Plön ta Jamus suka ci gaba da aiki da wannan dabara, da 'yan jakunkunan raga. Abin da Smyth ya nuna shi ne, hanji ba tukunyar abinci ba ce kawai. Wuri ne mai zafinsa, da matsinsa, da motsinsa, da ƙarancin iskarsa, kuma ba ka san wanne ne baƙonka ba zai iya yi babu shi ba sai ka cire ka gani.

Ga ƙwaron Moore, iskar ce. A 1963 J. R. Uzmann da S. H. Hayduk, na ɗakin binciken cututtukan kifi da ke Seattle, suka buga a mujallar Science cewa sun samo shi daga nau'i biyu na salmon ɗin tekun Fasifik, sun rene shi a romon da suka cika da iskar naitirojin domin ta kori oksijin. A kowane juyi daga kwalba zuwa kwalba yawansa kan ninka sau 5 zuwa 10. Yanzu ana iya yi masa tambayar Koch. A 1965, tare da G. J. Paulik, suka ba da sakamakon gwajin da suka yi da 'ya'yan kifi 1,440 na tsawon mako 8. Salmon nau'in koho ya ɗauki ƙwaron, bai ko yi atishawa ba. Turawut mai zuwa teku ya yi ɗan mace-mace kaɗan wanda ya lafa bayan mako na shida, girmansa kuma bai ragu ba.

Ashe dodon da aka yi shekara 40 ana jifa da zaiba bai kai yadda ake tsoronsa ba, in dai kifin na cikin ruwa mai kyau da abinci isasshe. Masana da yawa suka karkata ga cewa Hexamita alama ce ta rashin kula, ba musabbabin mutuwa ba. A ganina sun yi gaskiya rabi. Kuskuren da ba wanda ya iya hangowa a lokacin shi ne ɗaukar cewa duk ƙwaro mai gashi takwas da aka gani a cikin kifin salmon ko turawut abu ɗaya ne.

Kafin wannan ya fito fili, kayan aiki sun inganta. A 1978 Diamond da abokan aikinsa suka fitar da sabon romo da suka kira TYI-S-33: narkakken furotin na madara, tatsattsen yisti, sinadarin ƙarfe, da ruwan jinin shanu. A 1983 David Keister ya ƙara masa ruwan madaciya domin Giardia. Romon nan da aka yi don masu atuni da zawo shi ne ya zama abincin ƙwarin kifi, kuma da shi ake aiki har yanzu.

Aikin kansa ba shi da wani armashi a ido. Kwalbar gilashi ce siririya mai murfin murɗawa, ɗauke da ruwa mai launin ƙasa-ƙasa. Ana cika ta har kusa da wuya don kada a bar wa iska wuri, a cikin romon kuma akwai sinadarin sistin da bitamin C, waɗanda ke shanye ragowar oksijin. A juyin farko-farko ana zuba penisilin da wasu magungunan kashe bakteriya, har sai an tabbatar ba sauran kowa sai baƙon. Ƙwaron kifin ruwan sanyi a akwatin sanyi ake ajiye shi, na kifin ƙasashen zafi kuma a wuri mai ɗumi. Bayan 'yan kwanaki ma'aikaci ya ɗauko kwalbar, ya kwantar da ita kan madubin da ke leƙowa daga ƙasa, ya duba ta cikin gilashin ko suna iyo. Idan sun yi yawa, ya zuƙi 'yan ɗigo ya zuba a sabuwar kwalba, kamar yadda mai nono ke rage ɗan kindirmon jiya ta zuba a madarar yau. Idan kuwa ya tarar ruwan ya yi gurɓi, to bakteriya sun shiga, wannan kwalba ta tafi. Ba Sallah ba Kirsimeti, ranar juyi ranar juyi ce. Abin da ke ceton mai wannan aiki shi ne daskarewa: a gauraya ƙwarin da sinadarin da ke hana ƙanƙara fasa su, a nutsar cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, su kwanta shekaru, a narkar su tashi.

Ana nan sai ga labari daga arewacin Norwe. Daga 1989 zuwa farkon shekarun 1990, manyan salmon a kejin teku suka fara mutuwa da wani ciwo da ba a saba gani ba. Da aka yanka su sai aka tarar da marurai a tsoka, da ruɓewa a hanta da ƙoda da zuciya, cikin ruwan maruran kuma ga ƙwari masu gashi takwas suna iyo. Tor Atle Mo da Trygve Poppe suka ba da rahoton farko a 1990. Kusan lokaci guda Michael Kent da abokansa suka ga irin wannan a salmon nau'in cinuk da ake kiwo a gaɓar yammacin Kanada, inda ƙwaron ya cika jini. Wannan ba cima-zaunen hanji ba ne. Ya keta bangon hanji, ya bi jini, ya yi gida a ko'ina. To, shi ne na Moore ya canza hali, ko wani ne daban?

Madubin ƙara girma na yau da kullum ba zai amsa ba, don a ƙarƙashinsa duk kamarsu ɗaya. Sai da na'urar ilektiron, mai nuna tudu da kwarin jikin ƙwaro da fasalin cibiyoyinsa. Wannan na'ura kuwa tana son ƙwari masu yawa, masu tsabta, ba cakuɗe da tarkacen hanji ba, abin da kwalba ta fi kowa iya bayarwa. Sarah Poynton na cikin waɗanda suka ja ragamar wannan aiki. A 1995 ita da abokan aikinta, ciki har da Thomas Nerad na ATCC, rumbun ajiyar ƙananan halittu na Amurka, suka bayyana sabon nau'i daga hanjin kifin ado mai suna enjel da ake kiwo a Florida. Suka sa masa Spironucleus vortens, suka kuma ajiye zuriyarsa a rumbun da lamba 50386. Enjel dangin karfasa ne, wato gidan sikilid, kuma ana zargin wannan ƙwaro da hannu a ciwon da ke huda ramuka a kan kifayen wannan gida.

A 1997 Erik Sterud, tare da Mo da Poppe, suka kwatanta ƙwarin da suka samo daga marurun salmon da waɗanda ke zaune lafiya a madaciyar wani kifin kogi, gireling. Na'urar ilektiron ta nuna su iri ɗaya sak, har da wani ɗan tudu mai siffar jinjirin wata a gindin gashin baya, wanda ya sa suka raɗa musu Spironucleus barkhanus, da sunan tudun yashin hamada mai wannan siffa. Abin lura, zuriyar da ta fi kafuwa a kwalba, mai lamba 50377, daga marurun tsoka aka tsamo ta, wurin da bakteriyar hanji ba su kai ba. Sa'ar da Smyth ya samu ce ta sake faɗowa.

Amma hankali bai kwanta ba. Ta yaya abu ɗaya zai zauna lami lafiya a kifin kogi, ya zama makashi a kifin keji? Tun da zuriyoyin biyu na nan a raye, ana iya ɗebo sinadarin gadonsu a karanta. Anders Jørgensen da Sterud, a cibiyar likitancin dabbobi ta Norwe, suka yi haka, suka tarar da bambanci mai faɗi. Kama da wane ba ta wane. A 2006 suka ware makashin suka ba shi sunansa, Spironucleus salmonicida, aka bar wa na kogin tsohon suna. Shekara biyu kafin nan, a 2004, Poynton da abokanta sun sake duba ƙwaron Moore da na'urar ilektiron, suka nuna shi ma ba Hexamita ba ne, sunansa ya koma Spironucleus salmonis. Abin da aka yi ta kira da suna ɗaya ya tashi nau'i uku a kifayen gidan salmon kaɗai: mai zaman hanjin turawut, mai zaman madaciyar kifin kogi, da mai bin jini. Duk rahoton da aka rubuta kafin nan sai an karanta shi da taka-tsantsan, don ba a san wanne marubucin ya gani ba.

Daga nan zuriyar 50377 ta yi tafiya mai nisa. A Jami'ar Uppsala ta Suwidin, ɗakin binciken Staffan Svärd da Jan Andersson ya gano a 2013 cewa a cikin ƙwaron akwai wasu 'yan gaɓoɓi masu fitar da iskar haidirojin, hanyarsa ta samun ƙarfi ba tare da oksijin ba. A 2014 suka karanta kundin gadonsa, haruffa miliyan 12.9 ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 8,000. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu da ɗigon ruwan hanji.

Batun magani shi ma ta kwalba ya bi. Maganin da ya kori kalomel kowa a ƙasar Hausa ya san shi: metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, da kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya fitar wajen 1960. Hikimarsa ita ce ba ya zama dafi sai ya shiga ƙwayar da ke rayuwa cikin ƙarancin oksijin, a can ne ake juya shi ya koma abin da ke yayyaga sinadarin gado. Wato halin da ya sa ƙwaron ke wahalar reno shi ne lagonsa. Sai dai a shekarun 1990 Tarayyar Turai ta haramta ba da shi ga duk dabbar da mutum zai ci, saboda fargabar ragowarsa a nama na iya jawo ciwon daji, Amurka ma ta hana. Mai kifin ado yana iya ci gaba da amfani da shi. Mai kiwon turawut da salmon kuwa an bar shi hannu rabbana.

Neman madadi ya faɗa kan vortens, don shi ne mafi sauƙin hali. A Virginia, Somboon Sangmaneedet da Stephen Smith suka auna zafi da tsamin ruwan da ya fi so, suka jera magunguna suna gwadawa a kansa a ƙarshen shekarun 1990. A Jami'ar Cardiff ta Wales, Coralie Millet, David Lloyd, Jo Cable da Catrin Williams suka ga yana ninka kansa cikin wajen awa biyu, saurin da ba a saba gani ba a danginsa. Suka gwada masa tafarnuwa. Sinadaranta sun hana shi yaɗuwa a kwalba, daga baya kuma suka nuna cewa ɗaya daga cikinsu, ajowin, yana ƙara wa metronidazol kaifi idan an haɗa su. Kada mai karatu ya ruga ya daka tafarnuwa ya zuba a tafkinsa. Abin da ya kashe ƙwaro a gilashi sai ya ratsa abinci, da ciki, da hantar kifi kafin ya kai inda ake so, da yawa kuma a hanya suke ƙarewa. A 2022 ciwon mai bin jini ya sake ɓulla a gonakin salmon na Finnmark, can ƙuryar arewacin Norwe, ba kuwa wani halattaccen magani da za a ba kifin, sai yanka da wuri.

A nan ne nake ganin tarihin ya karkace. Abin da aka sani game da wannan dangi ya taru ne a kan nau'i biyu da suka yarda da kwalba, ɗaya daga kifin ado na Florida, ɗaya daga marurun salmon. Shi kuwa salmonis, wanda aka fara da shi, wanda ke hanjin 'ya'yan turawut a gonakin Turai da Amurka, bai samu irin wannan gindin zama ba. A 1996 Kurt Buchmann da A. Uldal a Denmark suka rene shi a romo mai ruwan jinin maraƙi, suka gano ya fi yaɗuwa a digiri 10, a ruwan da ya ɗan karkata ga kanwa, kuma ruwan madaciya kaɗan na taimaka masa, mai yawa na danne shi. A Balin ta Jamus, Poynton da M. Reza Saghari Fard suka kalli wani hali nasa da ba a taɓa lura da shi ba: idan zama ya yi tsanani, ƙwarin sukan manne da juna ta bakin gashin baya, su yi curi, sannan kowanne ya lulluɓe kansa da ɓawo, siffar da ake ganin da ita yake jure zaman ruwa kafin wani kifi ya haɗiye shi. Ilimi ne mai amfani. Amma irin wannan aiki yakan fara ne da sabon kifi mai ɗauke da ƙwaron, ba da kwalbar da aka yi oda daga rumbu ba. Don haka idan an ce an gwada magani a kan Spironucleus, mai turawut na da haƙƙin ya tambaya: wanne? Ƙwaron ruwan ɗumi da ya yi shekaru yana cin romon Diamond ba lallai ya amsa magani yadda na ruwan digiri 10 zai amsa ba, kuma sananne ne cewa dogon zaman kwalba kan sauya halin ƙwayar cuta.

Akwai ma waɗanda suka fi salmonis taurin kai. A gonakin teku na Bahar Rum ana kiwon wani kifi mai zanen zinariya a goshi, wanda Sifaniyawa ke kira dorada. A 1994 Ariel Diamant, Jiří Lom da Iva Dyková suka bayyana wani ƙwaro da ke shiga tsakanin ƙwayoyin bangon hanjinsa, ya hana shi tsotse abinci, kifin ya rame har ƙashin baya ya fito. Yau sunansa Enteromyxum leei, tun bayan da Oswaldo Palenzuela, María José Redondo da Pilar Álvarez-Pellitero suka kafa wannan gida a 2002. Danginsa abin mamaki ne: binciken gado ya nuna 'yan uwan halittun teku ne masu jikin kunu da harbi, waɗanda zaman jikin wasu ya ƙanƙantar har suka koma 'yan ƙwayoyi kaɗan. Yawancin dangin sai sun ratsa ta jikin wata tsutsar ruwa kafin su koma kifi, kamar yadda Ken Wolf da Maria Markiw suka gano a 1984. Shi wannan, Diamant ya nuna a 1997, kai tsaye yake tsallakawa daga kifi zuwa kifi, abin da ya sa keji mai cunkoso ya zame masa aljanna. Ɓarnarsa ta kai ga wasu manoma sun haƙura da kiwon wani ɗan uwan dorada mai tsinin baki, wanda ciwon ke kashewa da yawa.

An gwada shi da ɗan uwansa mai kama wani kifin teku, tabot, a romo iri-iri. Sukan rayu na ɗan lokaci, amma ba su kafa zuriya ba. Saboda haka a cibiyar binciken kiwon kifi ta Torre de la Sal, a Castellón ta Sifaniya, inda Ariadna Sitjà-Bobadilla da Palenzuela suka daɗe suna nazarinsa, kifi ne kwalbar. Ana ajiye tankunan dorada masu ɗauke da ciwon, a bar ruwan da ya fito daga tankinsu ya kwarara cikin na masu lafiya, ko a kankaro bangon hanjin mai ciwo a ɗura wa sabo ta baki ko ta dubura da siririn bututu. Sai a jira makonni, ana riƙe ruwan da ɗumi don sanyi na rage wa ƙwaron sauri. Kowane gwajin magani ko na abinci yana cin kifaye masu yawa, da wata da watanni, da izinin hukumar kula da haƙƙin dabbobi. Idan kuma layin ya yanke, kifayen da ke ɗauke da shi suka mutu ko suka warke kafin a juya, sai a koma gonaki neman kifi mai ciwo a fara daga farko.